Jagorar Neman Sani da Tallafi ga Mai Allurar Insulin a Gundumar Dakoro

Kurakuran da sababbin masu allurar insulin suke yi ba su da yawa, sai dai su ne suke ta maimaituwa daga gida zuwa gida, a garin Dakoro da ƙauyukan da ke kewaye da shi: wani ya ari adadin allurar maƙwabcinsa don an ce ciwonsu ɗaya, wani ya daina allura da zarar ya ji ƙarfi a jikinsa, wani ya yini da kwalbar magani a aljihu cikin rana, wani ya yi allura da asuba ya wuce gona bai karya ba, wani kuma ba ya tunawa da sayen sabuwar kwalba sai ranar da ta hannunsa ta ƙare. Tushensu duka guda ne, wato mai ciwo yakan koma gida da magani a hannu alhali bai samu cikakken bayani ba, bai kuma san takamaiman mutumin da zai tambaya ba idan abu ya rikice masa. An tsara wannan jagora ne domin mai ciwon da iyalinsa, ba ta kuwa maye gurbin likita, domin adadin insulin likita kaɗai ke yanke shi bayan ya ga awon jinin mutum.

Duk abin da aka ci na hatsi, tuwo ne ko fura ko shinkafa, jiki yakan narkar da shi ya zama sukari a cikin jini, shi kuwa insulin sinadari ne da wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira pankiriyas, take fitarwa domin ya shigar da wannan sukari cikin tsoka ya zama ƙarfi. A ciwon sukari nau'i na 1, wanda ya fi kama yara da matasa, gaɓar takan daina fitar da insulin, don haka mai shi ba ya rayuwa sai da allura kullum. A nau'i na 2, wanda ya fi yawa kuma ya fi kama manya, insulin ɗin yana nan amma ya gaza ko jiki ya daina jin sa, shi ya sa akan fara da gyaran abinci da ƙwayoyi irin su metformin, a kai ga allura idan ƙwayoyin sun kasa, ko mace ta samu ciki, ko wani ciwo mai tsanani ya shigo. Kafin Frederick Banting da Charles Best su tace insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, a kuma fara yi wa ɗan Adam allurarsa a Janairun 1922, yaron da ya kamu da nau'i na 1 ba ya daɗewa a duniya. Ƙiyasin Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya na 2021 ya nuna manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, fiye da rabinsu kuwa ba su san suna da shi ba.

Gundumar Dakoro, wadda ke arewa da birnin Maraɗi, ta miƙe ne daga gonakin Kornaka har zuwa filayen kiwo na wajen kwarin Tarka, kuma nisa da zafi su ne suke ƙara wa mai insulin nauyi a can. Tun ƙarancin abinci na 2005 hankalin masu agaji a jihar Maraɗi ya fi karkata ga tamowa da zazzaɓin cizon sauro na yara, kulawar kyauta da gwamnatin Nijar ta shigo da ita a 2006 ita ma yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki ta fi shafa. Wannan aiki ne mai kyau wanda ya ceci rayuka, amma ya bar baligi mai ciwon da ba ya warkewa yana neman hanya da aljihunsa, saboda haka tilas ne gidansa ya shirya wa kansa tallafi tun kafin ranar buƙata.

Kayan da ake buƙata

Na farko shi ne insulin ɗin da likita ya rubuta, tare da takardar maganin, wadda ba a jefarwa ko da an riga an saya. Na biyu sirinji na insulin wanda ya dace da ƙarfin kwalbar, ko alƙalamin insulin da allurorinsa ga wanda ya samu hali. Sirinjin allurar zazzaɓi ba ya wannan aiki, domin ba a zana masa ma'aunin insulin ba. Na uku na'urar awon sukari da tsinkayenta, wato siraran ɓallayen da ake ɗiga jinin yatsa a kansu, kuma kafin a sayi na'ura ya kamata a tabbatar ana samun tsinkayenta a Dakoro ko Maraɗi, domin kowace na'ura da nata, wadda aka kawo tsaraba daga nesa kuwa takan zama kayan ado bayan wata guda. Sauran su ne littafin rubutu da ba a haɗa shi da lissafin kasuwa ba, da ƙwayoyin sukari a aljihu, da tukwane biyu na ƙasa da yashi, da gora mai kauri mai murfi ta zuba tsofaffin allurai, da wata 'yar takarda da ke cewa mai ɗauke da ita yana allurar insulin, an rubuta ta da Hausa da Faransanci tare da lambar wayar wani ɗan'uwa.

Mataki na 1: Tabbatar da ciwon da fahimtar lambobin awo

Yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ko tururuwa ta taru inda aka yi fitsari, alamu ne da ke sa a je awo, amma awon jini ne kaɗai ke tabbatar da ciwon. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba na aƙalla awa 8, aka samu giram 1.26 a lita ko fiye, aka kuma sake samun haka a wata rana, ciwon ya tabbata. Haka ma idan aka samu giram 2 ko fiye a kowane lokaci tare da alamun da aka ambata. Akwai wani awon da ake kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ga yawancin manya ana son a riƙe shi a wajen kashi 7 cikin 100.

A nan ne wani haɗari yake wanda ya keɓanci mutanen bakin iyaka. Asibitocin Nijar da giram a lita suke lissafi, na'urorin hannu da yawa da miligiram, a Nijeriya kuwa sau da yawa da milimol, ta yadda 1.26 da 126 da 7.0 duk awo ɗaya ne. Ɗan kasuwar da aka auna a Jibiya ko Katsina aka ce masa sukarinsa 3 ne, idan da milimol aka auna, sukarinsa ya faɗi ƙasa ƙwarai yana buƙatar ya sha zaƙi nan take, alhali 3 a lissafin giram na nufin sukari ya hau matuƙa. Don haka ba a rubuta lamba a littafi sai tare da ma'auninta, ba a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya lamba ta waya sai an faɗa masa irin na'urar.

Mataki na 2: Riƙe ma'aikacin lafiya guda da sanin matakan asibiti

Tsarin lafiya a Nijar hawa-hawa ne: ƙaramin gidan likita na ƙauye, sai cibiyar lafiya da ake kira CSI, wadda babban ma'aikacin jinya da aka fi sani da majo ke shugabanta, sai asibitin gunduma da ke Dakoro, sai manyan asibitocin Maraɗi, sai na Yamai. Fara insulin da sauya adadinsa aikin likita ne, amma bibiya ta yau da kullum a wurin majo mafi kusa ta fi sauƙi, kuma abin da ya fi amfani shi ne mai ciwo ya riƙe mutum guda wanda ya san tarihinsa, maimakon yau nan gobe can, kowa ya rubuta nasa ba tare da sanin na wani ba.

Kada mai ciwo ya bar gaban likita sai ya samu amsar waɗannan: sunan insulin ɗinsa, yunit nawa zai yi, wato ma'aunin da ake ƙirga insulin da shi, da wane lokaci, minti nawa tsakanin allura da abinci, me zai yi ranar da ba ya iya cin abinci, wa zai kira da dare, yaushe zai dawo. Kunya ba ta da wuri a nan, musamman ga mata da tsofaffi waɗanda sukan ce sun gane alhali ba su gane ba. Ya kamata a tafi da wanda ya iya karatu, a kuma roƙi ma'aikaci ya tsaya mai ciwo ya yi allurar farko da hannunsa a gabansa, domin kuskuren da aka gyara a ranar farko ba ya zama ɗabi'a.

Mataki na 3: Sanin kwalba da sirinji

Insulin mai saurin aiki, irin su Actrapid, garau yake kamar ruwa, yakan fara aiki bayan kimanin minti 30, shi ya sa ake yin sa rabin awa kafin abinci. Mai jinkirin aiki, irin su Insulatard, fari ne dishi-dishi, ƙarfinsa kan kai ƙololuwa sa'o'i da dama bayan allura, wanda aka yi da dare kuwa yana iya faɗar da sukari cikin barci idan an kwanta da yunwa. Akwai kuma gauraye, irin su Mixtard 30, wanda kashi 30 nasa mai sauri ne, kashi 70 mai jinkiri. Ba a musanya ɗaya da ɗaya don kawai mai kantin magani ya ce shi ne ya rage masa.

A jikin kowace kwalba an rubuta ƙarfinta, ko yunit 100 a mililita ko yunit 40, kuma dole lambar da ke jikin sirinji ta zama iri ɗaya da ta kwalba. Wanda ya zuƙi insulin mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 har zuwa layin 10, yunit 25 ya yi wa kansa, ninki biyu da rabi ke nan na abin da aka rubuta masa, wannan kuwa yana iya sumar da shi. Wanda ya yi akasin haka yunit 4 kacal ya samu a madadin 10, sai ya yi ta zargin magani. Duba wannan lamba a duk lokacin saye ba ya cin minti guda, kuma ya fi kowane mataki na wannan jagora saurin ceton rai.

Mataki na 4: Yin allurar

A wanke hannu da sabulu, a duba ranar lalacewar magani, idan mai dishi-dishi ne a murza kwalbar a hankali tsakanin tafuka har farin ya gauraya, ba tare da girgiza mai kumfa ba. A zuƙi iska a sirinji daidai yawan yunit ɗin da za a ɗiba, a tura ta cikin kwalba, a kifa kwalbar, a zuƙi maganin, a ƙwanƙwasa sirinji da yatsa har kumfar iska ta hau sama a fitar da ita, domin gurbin da iska ta cika magani ne ya ragu. A ƙarƙashin fata ake yin allurar, a ciki nesa da cibiya da faɗin yatsu biyu zuwa uku, ko a gaban cinya, ko bayan dantse, ko saman ɗuwawu; a tattaro fata da yatsu biyu, a soka, a tura maganin duka, a dakata daƙiƙa 5 zuwa 10 kafin a zare, ba a kuma murza wurin. Kowace allura a matsa daga gurbin ta baya da faɗin yatsa, saboda wurin da aka dame shi da suka yakan yi ƙullutu mai tauri, wanda masu ciwo ke so don ba ya zafi, alhali insulin ba ya shiga jini daidai daga cikinsa. Ba a karɓar sirinjin wani ko na ɗan'uwa ne, tsofaffin allurai kuma a tara su a gora a kai cibiyar lafiya, kada a zubar a bola inda yara ke wasa.

Mataki na 5: Ajiya a ƙasar zafi

Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, a tsakiyar firiji, nesa da wurin ƙanƙara, domin insulin da ya daskare ya lalace ko da ya narke. Wannan gargaɗi ya shafi masu ɗora kwalba kan ƙanƙarar saye a cikin kula. Wadda aka fara amfani da ita takan yi mako 4, wasu nau'o'in har 6 gwargwadon takardar da ke cikin kwalinsu, don haka a rubuta ranar buɗewa a jikinta. Wani bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba, wanda aka buga a 2021, ya gwada insulin a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na sansanin Dagahaley a Kenya, ya kuma samu bai rasa ƙarfinsa ba cikin mako 4. Wannan ya kwantar da hankalin marasa lantarki, amma zafin Afrilu da Mayu a yankin Dakoro yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi waje zafi.

Abin da ya dace da ƙauye shi ne tukunya cikin tukunya, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa domin adana kayan miya, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000. A sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a sa insulin cikin roba mai murfi a ajiye a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa yana tafiya da zafi, shi ya sa dabarar ta fi aiki da rani da bazara, ta kuma rage ƙarfi da damina. Ba a tsoma kwalba cikin ruwan randa kai tsaye, domin takardar jikinta takan saɓule, ƙazanta kuma ta samu murfin da allura ke ratsawa. Insulin garau da ya yi dishi-dishi, ko mai dishi-dishi da ya yi gudaji, a daina amfani da shi.

Mataki na 6: Koyar da mutanen gida

Faɗuwar sukari, wato ya sauka ƙasa da giram 0.70, takan zo da rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, bugun zuciya da duhun gani, idan ta yi nisa kuma mutum ya shiga surutai ko faɗa ba dalili, ya kai ga faɗuwa yana shure-shure. A wannan hali mai ciwon ba ya iya taimakon kansa, kuma sau da yawa akan ɗauka iska ce ta buge shi, a tsaya hayaƙi da tofi lokaci yana wucewa. Matar gida, da abokin noma, da malamin makarantar yaro, duk ya kamata su san cewa muddin yana iya haɗiya a ba shi ƙwayar sukari 3, kimanin giram 15, ko cokali guda na zuma, a sake awo bayan minti 15, a maimaita idan bai hau ba, sannan a bi da abinci mai riƙe ciki. Idan ya suma ba a ɗura masa komai, domin yana iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa a garzaya da shi cibiyar lafiya, inda za a sa masa sukari ta jijiya.

Lokacin da ya fi haɗari a wannan yanki shi ne farkon damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, abinci ya ragu, aikin gona kuma ya tsananta, domin adadin da ya dace da mutum bayan girbi yana iya yi masa yawa a lokacin noma, saboda haka a koma wurin likita kafin shuka. Damina ce kuma lokacin zazzaɓin cizon sauro, kuma maganin kinin yana faɗar da sukari, don haka duk inda aka je jinya a fara da faɗin cewa ana insulin. Kuskuren da ke kishiyar wannan shi ne daina allura gaba ɗaya don ba a cin abinci: ciwo yakan hau da sukari, mai nau'i na 1 kuwa idan ya rasa insulin jininsa kan yi tsami, ya shiga amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, bakinsa yana ƙamshin 'ya'yan itace da suka nuna sosai. Mai irin wannan hali asibitin gunduma ake kai shi a ranar.

Mataki na 7: Tace bayanin da ake ji

Bayani kan ciwon sukari ya yi yawa, a kasuwa ta bakin masu lasifika, da saƙonnin murya na WhatsApp, da bidiyoyin Facebook, kuma ma'aunin tace shi mai sauƙi ne: duk wanda ya yi alkawarin warkarwa kwata-kwata, ko ya ce a ajiye allura, ko yake sayar da abin da yake yabo, ko ya faɗi adadi bai ga awon jinin mutum ba, maganarsa ba abin bi ba ce. Zogale da shuwaka kayan miya ne masu kyau, amma su da garahuni da saƙe-saƙin maɗaci babu wanda ke yin aikin insulin. Wanda ya sha wani jiƙo ya faɗa wa likitansa ba tare da ɓoyo ba, haka ma macen da ke shan ƙwayoyin ƙiba irin su dekza, waɗanda ke hau da sukari sosai. Maganar cewa insulin ne ke kashe ƙoda ko makantar da ido juya gaskiya ce, domin sukarin da ya daɗe a sama ne ke yin wannan ɓarna, jinkirin fara allura kuwa shi ke ba shi dama.

Azumin Ramadan ma yana buƙatar bayani daga ɓangare biyu, likita da malami. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma ƙa'idojin likitoci kan ciwon sukari da Ramadan sun shawarci a ga likita mako 6 zuwa 8 kafin watan, wato cikin Rajab, su kuma mai ciki da ke insulin, da wanda ya suma kwanan baya, da mai nau'i na 1 da sukarinsa bai daidaita ba, su bar azumin. Wanda aka yarje wa ya riƙa awo da rana, tun da ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi, ya kuma sha ruwa nan take idan awo ya sauka ƙasa da 0.70 ko ya haura giram 3.

Mataki na 8: Tanadi da haɗa kai

Kwalbar mililita 10 mai ƙarfin 100 tana ɗauke da yunit 1000, saboda haka mai yin yunit 30 a rana ya san kwana 33 za ta yi masa a lissafi, in wa'adinta na bayan buɗewa bai riga ya cika ba, ya kuma fara neman sabuwa tun saura mako 2, a kantin magani mai izini, ba a tebur ko bayan keke ba. Makiyayin da zai yi arewa da dabbobi da damina, da ɗan cin rani, da mai niyyar aikin Hajji, su tafi da abin da zai ishe su tare da takardar likita. Ana son a duba idanu da ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara, a riƙa auna hawan jini, ƙafafu kuwa kullum da yamma, a daina tafiya ba takalmi, domin ƙayar da ba a ji shigarta ba ita ce takan zama gyambon da ke kai wa ga yanke ƙafa.

Masu insulin na gari ɗaya, ko su biyar ne, idan suka san juna suna iya yin adashin kuɗin magani, su aiki mutum guda Maraɗi da kula, su roƙi majo ya ware musu rana a wata domin awo da tambayoyi, abu guda kawai ba sa rabawa, shi ne adadin allura. Ranar 14 ga Nuwamba, wadda ita ce ranar haihuwar Banting kuma ranar ciwon sukari ta duniya tun 1991, dama ce ta neman gidajen rediyon gari su gayyaci likita ya amsa tambayoyi da Hausa da Fulatanci da Buzanci. Ana kira ga kwamitocin kula da cibiyoyin lafiya na gundumar Dakoro, da magadan gari da sarakuna da limamai, su san yawan masu allurar insulin a yankunansu, su fara da yara, su kuma tabbatar kowace cibiya tana da na'urar awo mai tsinkaye da ruwan sukari na jijiya a kowane lokaci.